An buɗe kasuwar kara, saura yaranmu masu karatun kimiyya a jami'a

Jama'ar Birnin Gwari na gida da na waje: Rubutun nan yana da ɗan tsawo, a daure a kai ƙarshe kafin a yanke mini hukunci.

Tun ƙarshen Nuwamban 2024 da Gwamna Uba Sani ya zo aka buɗe kasuwar kara, bayan ta yi kusan shekara goma a rufe, duk majalisar da ka zauna ko zauren WhatsApp da ka shiga maganar ɗaya ce: titin Kaduna, komawa gonaki, da ko sulhun nan zai ɗore. Duk maganganu ne masu muhimmanci, kuma muna roƙon Allah Ya dawwamar da sauƙin da aka samu. Amma akwai wata magana da ban ji ana yi ba, alhali ita ce mafi arha cikin duk abin da muke nema, kuma ba sai mun jira Abuja ko gidan Sir Kashim ba kafin mu fara. Ina nufin 'ya'yan talakawanmu da suka riga suka samu gurbin karatun kimiyya a jami'a, suna can ABU da KASU da Dutsin-Ma da sauran wurare, wasunsu na gab da haƙura su dawo gida. Ra'ayina shi ne mu kafa ƙaramin asusu namu na kanmu da zai ɗauki irin waɗannan yara tun daga shekarar farko har su gama, kuma duk yaron da aka ba kuɗi a haɗa shi da wani babba da zai riƙa bibiyarsa. Kuɗin da mutumin dole su tafi tare. In aka raba su, asara za a yi.

Mu fara da tuna ko su wane ne yaran. Wanda yake shekarar farko ko ta biyu a jami'a yau, ya yi sakandarensa ne a daidai shekarun da abin ya fi muni. Yana aji aka kwashe ɗalibai 27 daga Kwalejin Kimiyya ta Kagara a Fabrairun 2021, ga ta nan maƙwabciyarmu a jihar Neja. Wata ɗaya bai cika ba aka ɗauki 39 a Kwalejin Gandun Daji ta Afaka. A ƙarshen Satumbar wannan shekara aka datse layukan waya a yankinmu, aka yi kusan wata biyu ba kira ba intanet. A Maris na 2024 kuma sai ga Kuriga, a kan hanyarmu ta zuwa Kaduna. Makarantu da yawa a ƙauyukanmu sun rufe, malamai sun gudu, iyaye sun bar gona sun tare a cikin gari suna zaman haya ko zaman alfarma. To yaron da ya ratso ta cikin wannan, ya ci lissafi da fizik da kemistiri da bayoloji a WAEC ko NECO, ya zauna JAMB ya samu makin shiga, wallahi ya riga ya ci jarrabawar da ta fi kowace jarrabawa wuya. Babu wani kwamitin tantancewa da zai gwada shi fiye da yadda rayuwa ta gwada shi. Abin kunya ne a ce irin wannan ya faɗi a bakin gaɓa saboda kuɗin mota ko kwanon garin kwaki.

Na san wani zai ce ai gwamnati ta kawo bashin karatu. Gaskiya ne, kuma duk wanda ya cancanta ina ba shi shawara ya nema. An sa hannu kan dokar a Afrilun 2024, NELFUND ta buɗe shafinta a watan Mayu. Tana biya wa ɗalibi kuɗin makaranta kai tsaye, tana ba shi naira 20,000 a wata na kashewa, babu ruwa a ciki, kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa ake fara biya. A jiharmu ma, bayan ƙarin da aka yi a 2021 da ya kai kuɗin KASU naira 150,000, an rage shi zuwa 105,000 a Agustan 2023. Akwai kuma hukumar tallafin karatu ta jiha, akwai ta tarayya, akwai PTDF. Ba na raina ko ɗaya.

Amma mu ɗauki alƙalami. Naira 20,000 a wata ba ta kai naira 700 a rana ba. Duk wanda ke cefane tun bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 ya san abin da 700 za ta saya. Kuma ɗalibin kimiyya yana da kashe-kashen da takardar kuɗin makaranta ba ta ambata: farar rigar ɗakin gwaje-gwaje, littafin aikin gwaji na kowane kwas, kalkuleta, kuɗin fita aikin fili ga masu ilimin duwatsu da tsirrai, zaman wata da watanni na SIWES a garin da bai san kowa ba, sannan a shekarar ƙarshe ga furojet, inda sau da yawa shi zai sayi sinadaran da zai yi gwaji da su ko ya biya a yi masa awo a wani wuri. Ƙara da kuɗin data, domin rijista da sakamako da sanarwar lakca duk sun koma waya. Ƙara da ɗakin kwana, wanda ba kowa ke samu a cikin makaranta ba. Ɗan mai hali zai buga waya gida a turo. Ɗan wanda aka kore daga gonarsa a Kuyello ko Randagi, wanda ƙila an sayar da shanun gidan da babur an biya kuɗin fansa, wa zai kira?

Sannan shi kansa neman tallafin sai da ido. Sai da NIN da BVN da lambar JAMB waɗanda sunayen da ke kansu suka yi daidai, sai an san ranar buɗewa da ranar rufewa, sai an iya ɗora takardu a shafi. Ni ma'aikacin gwamnati ne, na san yadda fayil ke kwana saboda harafi ɗaya. Yaronmu a takardar firamare Abdullahi, a NIN Audu, a banki an sa sunan kakansa. Ɗan birni babansa zai kai shi a gyara cikin mako. Namu sai ya ga an ƙi karɓa, ya ce ba rabo, ya bari. Tallafin yana nan, amma wanda ya fi buƙata shi ne ya fi nisa da ƙofar.

Wannan ya kawo ni rabi na biyu na maganar, wanda a ganina ya ma fi kuɗin muhimmanci. Akwai wani yaro ɗan yankinmu na gabas da aka haɗa ni da shi bayan aikin gama ya gama. Ya samu gurbin kemistiri a wata jami'a. Makarantar da ya gama ba ta da ɗakin gwaje-gwaje mai aiki, don haka ranar da ya fara riƙe kwalbar awo a hannunsa ita ce ranar da ake ba shi maki a kanta. Ya faɗi kwas biyu a zangon farko. Kunya ta hana shi gaya wa kowa. Bai san ana sake rijistar kwas ɗin da aka faɗi ba, ya ɗauka sunansa zai fito da kansa. Bai san akwai malamin da aka ware domin ba 'yan ajinsa shawara ba. Da aka kai ƙarshen shekara ta biyu makinsa ya yi ƙasa, aka sallame shi. Wani ɗan uwansa ne ya riƙa biya masa kuɗin makaranta, bai taɓa fashi ba. Abin da yaron ya rasa shi ne mutum ɗaya da ya taɓa bin wannan hanya, wanda zai kira shi sau biyu a wata ya ce turo mini sakamakonka in gani, je ka ga malam wane, kar ka ɗauki kwas da yawa wannan zangon. Kiran minti goma da ya ceci shekara biyu.

Irin wannan faɗuwa a shekarar farko da ta biyu take faruwa, kuma shiru take zuwa. Yaron ba zai sanar a Facebook ba. Za ka dai ga ya dawo hutu bai koma ba, sai ka gan shi yana acaɓa, ko ya bi abokai ramin zinare. In ka tambaya a ce ai yajin aiki ake yi. Mun ga yadda yajin ASUU na 2022 ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma kowa a cikinmu ya san wanda bai koma ba bayan an janye.

Ba mu ne za mu fara gano cewa kuɗi da jagora tare suke aiki ba. A Amurka, a Jami'ar Maryland ta gundumar Baltimore, an kafa shirin Meyerhoff a 1988, da kuɗin wani attajiri da matarsa, ƙarƙashin jagorancin Freeman Hrabowski. Da ɗalibai 19 baƙaƙen fata aka fara. Ana biya musu karatu, amma kafin a buɗe makaranta sai an tara su mako shida ana ɗora su kan lissafi da kimiyya da yadda ake karatun jami'a, a haɗa su rukuni-rukuni suna bita tare, kowa da mai bibiyarsa. Daga cikin waɗanda suka fito daga shirin akwai Kizzmekia Corbett, wadda ta kasance cikin masanan da suka haɗa rigakafin korona na Moderna. A nan gida kuma, Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, ta zaɓo yara masu ƙwaƙwalwa daga birni da ƙauye ta riƙe su da kyau. Je ka asibitocin Arewa da jami'o'inta yau ka ƙirga likitoci da injiniyoyi da furofesoshin da suka fito daga can. Kano ta yi shuka shekara arba'in da wani abu da suka wuce, har yanzu girbi take yi.

To me ya sa na ce kimiyya? Ba don na raina shari'a ko Larabci ko aikin jarida ba, muna buƙatar kowa. Dalilina biyu ne. Na farko, karatun kimiyya ya fi cin kuɗi kuma ya fi saurin kayar da wanda tushensa ya yi rauni, don haka nan ne ɗan talaka ya fi zubewa. Na biyu, dubi abin da Allah Ya ajiye mana da kuma wanda ke kula da shi. Muna da zinare a ƙasarmu, yaranmu na haƙa da hannu, suna niƙa dutse suna wankewa. A 2010 gubar dalma daga irin wannan aiki ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, a yankunan Anka da Bukkuyum. A 2015 ta sake kashe yara 28 a ƙaramar hukumar Rafi, wadda muke iyaka da ita. Yau in aka ce a auna ruwan rijiyar wani ƙauye da ke kusa da ramin haƙa, ko ƙasar tsakar gidan da ake niƙa dutse, mutum nawa ne 'yan asalin nan da za su iya? Muna da gandun dajin Kamuku, fiye da murabba'in kilomita dubu, wanda ya zama na ƙasa tun 1999. Shekaru da yawa ba a jin sunansa sai a labarin 'yan bindiga. In zaman lafiya ya zauna, wa zai ƙirga abin da ya rage na itatuwa da namun daji, wa zai tsara yadda za a yi kiwo da noma a gefensa ba tare da an koma gidan jiya ba? Kasuwar kara da muke murna da ita tana buƙatar likitocin dabbobi. Masarar da muke alfahari da ita tana buƙatar masu sanin ƙasa da taki da iri. Asibitinmu yana buƙatar masu gwajin jini da masu haɗa magani. Makarantunmu kuwa, ku tambayi kowane shugaban makaranta wane malami ne ya fi wahalar samu, zai ce muku na fizik da lissafi. Shekarun nan sun koya mana cewa baƙo in aka turo shi Birnin Gwari, takardar canjin wurin aiki yake fara nema. Ɗan gida ne ke zama, domin uwarsa na nan.

Ga abin da nake ba da shawara, kuma lissafi ne nawa na kaina, kowa na iya gyarawa. Muna da mazaɓu 11. A ɗauki ɗalibai biyu daga kowace mazaɓa a shekara, namiji da mace in an samu, su zama 22. Sharaɗi shi ne ya riga ya samu gurbi a jami'ar gwamnati a fannin kimiyya, noma, lafiya ko injiniya, kuma an tabbatar gidansu ba hali. Farkon abin da za a yi masa shi ne a zaunar da shi a gyara takardunsa a nema masa NELFUND da tallafin jiha, domin kar mu biya abin da gwamnati za ta iya biya. Sai asusunmu ya cike giɓin. In muka ce naira 250,000 ga kowane ɗalibi a shekara, miliyan biyar da rabi ke nan a shekarar farko. Mutum 500 in kowa ya ba da naira dubu a wata, an tara miliyan shida a shekara. Dubu ɗaya fa, kuɗin katin waya. Tsakanin ma'aikatanmu na jiha da tarayya, da 'yan kasuwarmu na Kaduna da Abuja da Legas, da dillalan hatsi da na shanu, a ce ba za a samu mutum 500 ba?

Ba zan ɓoye ba, nauyin ƙaruwa zai riƙa yi. A shekara ta huɗu ɗalibai 88 ne a hannu, miliyan 22 ke nan, ban da tashin farashi, ban da masu kwas ɗin shekara biyar ko shida. A nan ne ƙaramar hukuma da 'yan majalisarmu na jiha da tarayya da masu hannu da shuni za su shigo. Amma su tarar da abin yana tafiya da tsarinsa, su zuba a ciki. In aka jira su su fara, to nasu ne, kuma ranar da suka sauka ya mutu. Kuma gara a ɗauki 11 a kai su ƙarshe da a ɗauki 50 a yi hoto a watsar da su a shekara ta biyu. Yaron da aka ɗauka aka saki a tsakiya ya fi wanda ba a taɓa ɗauka ba karyewar zuciya.

Ɓangaren jagora kuwa ko sisi ba ya ci. Duk ɗan masarautar nan da ke da digiri a kimiyya, malamin jami'a ne, nas ce, injiniya ne, malamin sakandare ne, ya karɓi ɗalibi ɗaya ko biyu. Aikinsa a rubuce: kira sau biyu a wata, ganin sakamako kowane zango, taimaka masa neman wurin SIWES, da sanar da kwamiti da wuri in ya ga alamar matsala. 'Yan mata a haɗa su da mata, domin akwai abin da yarinya ba za ta gaya wa namiji ba, kuma iyaye sun fi sakin jiki in sun san akwai wata babbar ya da ke sa ido. Sannan kafin sababbi su tafi, a tara su mako biyu ko uku a wata makaranta a cikin gari lokacin hutu, yayyensu da ke shekara ta uku da ta huɗu su nuna musu kayan gwaji, su koya musu rijistar kwas da yadda ake lissafin maki. Wanda aka taimaka wa, sharaɗinsa kawai ya dawo hutu ya koyar a makarantar da ya fito, in ya gama kuma ya karɓi ƙani ɗaya.

Na san inda za a soke ni. Za a ce 'yan siyasa da masu unguwanni za su cusa 'ya'yansu. Wannan tsoro ne na gaskiya, domin mun sha gani. Maganinsa shi ne haske: a liƙa sunayen waɗanda aka zaɓa a mazaɓarsu mako biyu kafin a biya, duk mai ƙorafi ya kawo. Kuɗi ya tafi asusun ɗalibi kai tsaye kashi-kashi, ba a hannu ba, ba a taron biki ba. Duk wata uku a wallafa abin da ya shigo da abin da ya fita. Wanda ke kwamitin zaɓe, ɗansa ko ƙaninsa ba ya shiga. Ina ganin ƙungiyar BEPU, wadda ta tsaya mana da murya lokacin da magana ke da haɗari, ita ta fi dacewa ta kira zaman farko, Mai Martaba Sarki Malam Zubairu Jibril Mai Gwari II ya sa albarka a matsayin uba, amma riƙon kuɗi da zaɓen ɗalibai a bar wa ƙaramin kwamiti da ake canzawa.

Za a ce in sun gama guduwa za su yi Abuja. Wasu za su tafi, babu shakka, kuma ba za mu ɗaure kowa ba. Amma wanda ya tafi shi ne zai zama cikin masu ba da dubu ɗaya gobe, shi ne zai samo wa na baya wurin SIWES. In cikin 22 bakwai suka zauna gida, daga ɗiban shekara goma za mu samu mutum 70 da ba mu da su yau.

Za a kuma ce firamare ta lalace, yara dubbai ba sa zuwa makaranta, ka zo kana maganar 'yan jami'a. Haka ne, kuma wannan babban aiki ne da ke wuyan gwamnati, dole mu ci gaba da matsa mata. Amma aljihunmu ba zai gina makarantu ɗari ba, zai dai iya riƙe yara 22. Kuma ku tuna ƙannensu na kallo. In yaron da duk ƙauye ya sani da ƙoƙari ya tafi jami'a ya dawo hannu rabbana yana acaɓa, wane uba ne zai sake sayar da buhun masara don boko? Wane yaro ne zai ƙi bin masu ce masa kuɗi na daji ko na rami? In kuwa ya dawo da digiri yana aiki a asibiti, ya yi wa makaranta wa'azin da babu jami'in wayar da kai da zai iya.

Don haka ga roƙona. In kana da digiri a fannin kimiyya kuma za ka iya riƙe ɗalibi ɗaya, ka bayyana kanka da fanninka. In za ka iya dubu ɗaya a wata, ka faɗa, amma kar kowa ya tura wa kowa kuɗi sai an zauna an buɗe asusu da sunan ƙungiya da masu sa hannu sanannu. In ka san ɗalibin da ke shirin barin karatu a zangon nan, kar ka sa sunansa a fili, ka kira shi yau ka ji matsalarsa, ƙila abin bai wuce kuɗin mota da gyaran suna a NIN ba. Shugabannin BEPU da ƙungiyar ɗalibanmu, ku taimaka ku fito mana da jerin yaranmu da ke jami'o'i, mazaɓa-mazaɓa, kafin sabon zango ya kama, domin da wannan jerin za a fara komai.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya yi wa yaranmu albarka. Wanda ya ga gyara a lissafina ya kawo, ina saurare.